Albarkar Mai Juna Biyu da Raɗin Suna a Cocin Katolika: Abin da Ke Hannun Iyali, da Abin da Ke Hannun Fada

A ƙauyuka da dama na dayosis ɗin Kano, Sakkwato, Kontagora ko Maraɗi, Fada ɗaya ne ke zagaya majami'u masu yawa, har a kan yi makonni bai leƙo wani ƙauyen ba. Ciki kuwa ba ya jiran kowa. Shi ya sa tambayar ke yawan tasowa a taron Zumuntar Mata da wajen katikis: idan mace ta samu juna biyu, mijinta ko uwarta ko katikis na iya sa mata albarka, ko dole sai Fada? Suna iya, kuma ba alfarma aka yi musu ba, a rubuce yake a littattafan Ikilisiya. Sai dai abin yana da tsari da iyaka, kuma galibin ruɗanin daga ɓangare biyu yake fitowa: masu ganin ba su isa su buɗe baki ba sai Fada ya zo, da masu kwaikwayon Fada har su wuce gona da iri.

Tushen maganar baftisma ce. Katikisman Ikilisiyar Katolika na 1992, a sakin layi na 1669, ya ce duk wanda aka yi wa baftisma an kira shi ya zama albarka, ya kuma sa albarka, don haka masu bi da ba a naɗa ba suna iya jagorantar wasu albarku. Sai ya kafa ma'auni: gwargwadon yadda albarka ta shafi sakramenti da rayuwar Ikilisiya baki ɗaya, gwargwadon haka ake keɓe ta ga bishop, Fada ko dikin, wato naɗaɗɗen mataimakin Fada. Kundin Dokokin Ikilisiya na 1983, a doka ta 1168, ya ƙara sharaɗi biyu: a bi abin da littattafan ibada suka tanada, a kuma bi hukuncin bishop na wurin. Littafin da ake nufi shi ne Littafin Albarku, wanda Vatican ta fitar da Latin a 1984 da sunan De Benedictionibus. Gabatarwarsa ta ambaci katikis, ta kuma ambaci iyaye a kan 'ya'yansu. Ta kuma ce idan Fada ko dikin yana wurin, shi za a bar wa jagoranci.

Akwai bambanci ɗaya da idan aka riƙe shi, rabin tambayoyin sun warware. Wata albarkar roƙo ce: ana roƙon Allah ya tsare mutum, ya ba shi lafiya. Wata kuma keɓewa ce: ana ware abu daga amfanin yau da kullum a mai da shi na ibada. Albarkar mai juna biyu roƙo ce, shi ya sa take buɗe ga iyali. Amma tsarkake ruwa, ko rosari, ko lambar waliyyi da mace za ta rataya a wuya, wannan aikin Fada ne ko dikin. Miji na iya yayyafa wa matarsa ruwan da aka riga aka tsarkake a coci, amma ba zai ɗebo na randa ya yi masa addu'a ya ce ya zama ruwa mai tsarki ba.

Yadda ake yi a gida

Littafin bai ƙayyade watan da za a yi ba, bai kuma ce sai a gaban jama'a ba. Wannan yana da amfani a wurinmu, inda mace kan ɓoye ciki har sai ya fito, musamman na fari, saboda kunya da gudun bakin mutane. Ana iya yi a ɗaki, daga ita sai mijinta da wanda zai jagoranta, ana kuma iya tara mata masu ciki da dama a yi musu tare. Minti goma zuwa sha biyar ya isa. Abin da ake bukata Littafi Mai Tsarki ne; gicciye da kyandir da ruwa mai tsarki ƙari ne idan akwai.

Ana farawa da alamar gicciye, kowa ya yi a jikinsa. Jagoran da ba Fada ba ba ya cewa "Ubangiji yana tare da ku", domin wannan gaisuwar ta naɗaɗɗu ce. Sai ya gayyaci 'yan'uwa su yabi Ubangiji Yesu wanda ya zama mutum a cikin Budurwa Maryamu. Daga nan sai karatu. Wanda ya fi dacewa shi ne Luka 1:39-45, inda Maryamu ta je gidan Alisabatu, su biyun kowace da ciki, jaririn Alisabatu ya motsa don murna da jin gaisuwar. Ana iya ɗaukar Luka 1:26-38 ko Luka 2:1-14. A addu'ar gida mutane kan ƙara da Zabura 139:13 ko Irmiya 1:5, inda Allah ya ce ya san annabin tun kafin ya siffanta shi a ciki. Kada a tsallake karatun don sauri. Gyaran da aka yi wa albarku bayan Babban Taron Vatican na Biyu ya ɗora su ne a kan ginshiƙai biyu, Maganar Allah da addu'ar Ikilisiya, domin kada albarka ta koma motsin hannu kawai.

Bayan karatu sai roƙe-roƙe gajeru: domin uwar, domin abin da ke cikinta, domin uban, domin ungozoma da ma'aikatan asibiti, domin matan da ke neman haihuwa ba su samu ba. Sannan addu'ar albarkar kanta, wadda ma'anarta ita ce roƙon Allah Mahaliccin mutum ya karɓi addu'ar baiwarsa, ya sauke ta lafiya, ɗan ko 'yar da za ta haifa ya shiga cikin iyalin Allah ya bauta masa. A nan ne ake gane wanda ya san tsarin. Fada yana miƙa hannuwansa a kan matar, ko ya zana gicciye a goshinta. Mai bi wanda ba a naɗa ba yana haɗa tafukansa biyu ne a ƙirji har ya gama addu'ar. Wajen rufewa ma haka: ba ya ɗaga hannu ya zana gicciye a sama a kan jama'a yana cewa "Allah ya albarkace ku", yana yin alamar gicciye a jikinsa ne ya ce "Allah ya albarkace mu". Yana cikin masu roƙo, ba a gabansu yake tsaye a madadin Ikilisiya ba. Kafin rufewar ana neman taimakon Maryamu, ko da "A gaishe ki Maryamu" ce kawai.

Wannan shi ne tsarin littafi. Addu'ar da miji zai yi da dare, ya ɗora hannu a cikin matarsa ya karanta albarkar Haruna ta Littafin Ƙidaya 6:24-26, ba ta bukatar izinin kowa, kamar yadda uwa ba ta neman izini kafin ta zana gicciye a goshin ɗanta zai tafi makaranta. Idan matar ba Katolika ba ce, ko tana ajin katikisma tukuna, doka ta 1170 ta yarda a sa mata albarka.

Wani abin da ke rikita masu neman addu'o'i a intanet shi ne tsarin Albarkar Jariri a Cikin Mahaifa. Bishop-bishop na Amurka ne suka amince da shi a 2008, Roma ta tabbatar, aka buga shi a 2012 da Turanci da Sifaniyanci. An tsara shi domin Fada a cikin Misa, ko Fada ko dikin a wajen Misa. Ba na katikis ba ne, ba kuma na miji ba. Wanda ke cikin littafin 1984, na uwa kafin haihuwa, shi ne ke da gurbin mai bi na gari.

Inda ake kuskure

Babban haɗarin shi ne albarka ta rikiɗe ta zama laya. Katikisma, a sakin layi na 2111, ya kira shi camfi idan mutum ya ɗauka ƙarfin addu'a ko alama mai tsarki yana cikin aikata ta a zahiri kawai, ba tare da zuciyar da ta dace ba. Na 2117 kuma ya yi tir da rataya layu. Lambar Waliyyi Gerard, wanda masu ciki ke neman roƙonsa, a wuya tunatarwa ce a yi addu'a. Ranar da mace ta fara ganin idan igiyar ta tsinke cikin zai zube, ko dole sai an maimaita addu'a sau kaza a tsakar dare kafin ta "kama", to an bar bangaskiya an shiga wani abu daban. Haka masu sayar da man shafawa a kwalba suna cewa "man haihuwa" ne. Man da bishop ke tsarkakewa a Makon Shan Wuya na sakramenti ne, ba a raba shi gida-gida.

Na biyu ya fi kisa: a ɗauki albarka a matsayin madadin awo. Ikilisiyar da ke sa albarkar ita ce ta gina asibitocin haihuwa, ba ta taɓa cewa a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. Zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, matsanancin ciwon kai, jijjiga, ko jariri ya daina motsi, ba lokacin tara 'yan addu'a ba ne. A yi addu'ar a hanyar asibiti. Kada kuma a ba mai ciki ruwan da ke kwanon ƙofar coci ta sha, hannun kowa ya shiga cikinsa. Azumin Larabar Toka da na Juma'ar mutuwar Yesu ma an ɗauke wa masu ciki da masu shayarwa, sai su yi wata sadaukarwar da ba za ta taɓa lafiyarsu ba.

Waliyyan da mata ke neman roƙonsu a wannan lokaci sanannu ne. Gerard Majella, ɗan Italiya da ya rayu daga 1726 zuwa 1755, ba ma Fada ba ne, ɗan'uwa ne a ƙungiyar Redemptorist. Ana tuna shi ran 16 ga Oktoba, kuma labarin da ake bayarwa shi ne na hankicinsa da ya bar wa wata yarinya, wadda bayan shekaru ta nemi a kawo mata shi tana naƙuda mai tsanani, ta sauka lafiya. Raymond Nonnatus, na 31 ga Agusta, an ce an ciro shi ne daga cikin uwarsa bayan ta rasu. Gianna Beretta Molla likitar yara ce, ta rasu a 1962 kwanaki kaɗan bayan haihuwarta ta huɗu, aka ayyana ta waliyyiya a 2004. Daga Afirka akwai Felicity, wadda ta haihu a kurkuku a Kartaj, a Tunisiya ta yau, kafin a kashe ta tare da Perpetua a shekara ta 203.

Idan abin ya zo da gardama

Duk ungozoma da duk uban gida Katolika ya kamata ya san wannan. Albarkar ciki ba baftisma ba ce. Idan aka haifi jariri da rai amma ana tsoron ba zai yi nisa ba, doka ta 867 ta ce a yi masa baftisma ba ɓata lokaci, ta 861 kuma ta ce a halin larura kowa na iya yi muddin yana da niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi. A samu ruwa zalla mai tsabta, a zuba a kansa sau uku ana cewa: "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki." Mai zuba ruwan shi ne mai faɗin kalmomin, ba a rabawa tsakanin mutum biyu. Kada a canza lafazin. A 2020 Vatican ta yanke cewa baftismar da aka ce "muna yi maka" ba ta yi ba. Doka ta 871 ta haɗa har da ɓarin da ya fito da rai. Bayan haka a sanar da Fadan yankin don ya rubuta a rajista. Idan yaron ya rayu ba a sake masa baftisma, ana kai shi coci ne a cika sauran, wato shafa mai, farar riga da kyandir.

Wanda ya riga ya mutu ba a yi masa baftisma. Katikisma, a 1261, ya ce Ikilisiya tana danƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah, kuma takardar da Hukumar Tauhidi ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Vatican, ta fitar a 2007 ta ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa rai ga cetonsu. Iyaye na iya raɗa wa ɗan da ya zube suna, su nemi a yi Misa dominsu. Bugun Amurka na Littafin Albarku har da addu'a ta musamman ga iyayen da suka yi ɓari.

Sai suna

A nan ma iyaye na da faɗi fiye da yadda ake zato. Tsohuwar doka ta 1917, lamba 761, ta umarci Fada ya tabbatar an ba yaro sunan Kirista. Idan iyaye suka ƙi, ya ƙara sunan waliyyi da kansa ya rubuta duka biyun a rajista. Daga nan aka gaji tsofaffi masu suna biyu, ɗaya a katin baftisma, ɗaya wanda gari ya sani. Maganar ta yi zafi a Afirka: a 1972 Mobutu, shugaban Zayar (Kongo ta yau), ya yar da sunansa Joseph-Désiré, ya tilasta wa jama'a barin sunayen baftisma na Turai, har rikicin ya sa Kadinal Malula na Kinshasa ya koma Roma na ɗan lokaci. Dokar yanzu, lamba 855 a kundin 1983, jimla ɗaya ce: iyaye da iyayen baftisma da Fada su lura kada a ba da sunan da ya saɓa wa tunanin Kirista. Ke nan ba ta wajabta sunan waliyyi ba. Katikisma, a 2156, ya ce sunan na iya zama na waliyyi, wanda zai zama abin koyi da mai roƙo ga yaron, yana kuma iya nuna wani asirin bangaskiya ko halin kirki na Kirista.

Da wannan ma'auni, Godiya, Alheri, Salama, Murna, Bege, Ƙauna, Haƙuri da Kyauta sunayen baftisma ne cikakku, ba sa bukatar wani na Turanci ya tokare su. Sunayen Littafi Mai Tsarki a bakin Hausa, irin su Bitrus, Bulus, Istifanus, Filibus, Hannatu, Rifkatu, Rahila, su ma haka. Bitrus da Peter waliyyi ɗaya ne, ranar 29 ga Yuni ce tasu duka. Yusufu, Maryamu, Haruna, Dauda, Zakariya, da ake tarayya da maƙwabta Musulmi a kansu, babu abin da ya hana su. Sunayen rana da na yanayin haihuwa, Ladi, Asabe, Ɗanjuma, Tanko, Gambo, Nomau, ba su saɓa wa komai ba, ko da yake ba su ɗauke da ma'anar bangaskiya, shi ya sa mafi yawan Fadoci za su ba da shawarar a haɗa da na waliyyi. Shawara ce mai kyau, amma shawara ce. Abin da dokar ta hana shi ne suna kamar Shaiɗan, ko na zagi, ko wanda aka raɗa don miƙa yaro ga wani iska ko tsafi.

Wuri mai santsi shi ne sunayen wabi, irin su Ajuji, da ake ba ɗan matar da 'ya'yanta ke mutuwa don a nuna kamar ba a damu da shi ba. Idan sunan kaka ne aka mayar, ba laifi. Idan kuwa dabara ce ta ɓatar da mutuwa, to camfin nan ne ya dawo ta ƙofar baya. Ba kuma sabon abu ba ne: Yohanna Kirisostom, wanda ya rasu a 407, ya yi wa Kiristocin zamaninsa faɗa saboda suna kunna fitilu, kowace da sunanta, su raɗa wa jariri sunan wadda ta fi daɗewa tana ci, wai don ya yi tsawon rai.

Mai son sunan waliyyi ba sai ya tsallaka teku ba. Monika da ɗanta Agustin 'yan Tagaste ne, a Aljeriya ta yau. Josephine Bakhita a Darfur aka haife ta, aka sayar da ita baiwa, ta rasu a Italiya a 1947, ana tuna ta ran 8 ga Fabrairu. Charles Lwanga da Kizito suna cikin shahidan Yuganda 22 da Paparoma Paul na Shida ya ayyana a 1964. Cyprian Michael Iwene Tansi ɗan Najeriya ne, John Paul na Biyu ya ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka a kusa da Onica a 1998. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba kalandar coci a ga waliyyin ranar haihuwa, amma a karanta tarihinsa tukuna, domin amfanin sunan shi ne a samu labarin da za a ba yaron idan ya tambaya.

Bikin suna na kwana bakwai ko takwas bai ci karo da komai ba. Yahaya Mai Baftisma da Yesu duk a rana ta takwas aka raɗa musu suna, kamar yadda Luka 1:59-63 da 2:21 suka nuna. Katikis ko dattijon gida na iya jagorantar addu'ar. Amma suna ba baftisma ba ne, kuma doka ta 867 ta ce a yi baftisma cikin makonnin farko, har ta ce iyaye su je wurin Fada tun kafin haihuwa don shiri. Watan bakwai na ciki lokaci ne mai kyau na zuwa, da sunayen da aka zaɓa da kuma iyayen baftisma. Su ma suna da sharaɗi a dokoki na 873 da 874: namiji ɗaya, ko mace ɗaya, ko ɗaya-ɗaya, shekara 16 zuwa sama, Katolika da ya karɓi sakramentin ƙarfafawa da Jikin Kristi, yake kuma rayuwar bangaskiya, ba uba ko uwar yaron ba. Kiristan wata ɗarikar na iya tsayawa a matsayin shaida kawai, tare da Katolika. Yawancin rigimar ranar baftisma daga nan take tasowa, an riga an yi wa kawu alkawari, sai a ƙofar coci a gano bai cika sharaɗi ba.

Albarkar uwa bayan haihuwa tana cikin tsarin baftismar kanta, a ƙarshensa. Idan jego ko rashin lafiya ya hana ta halarta, Littafin Albarku ya tanadi wata dabam da za a yi mata daga baya, kuma godiya ce, ba wankan tsarki ba.

Kafin ranar baftisma a rubuta cikakken sunan a takarda, harafi bayan harafi, a jere yadda ake so, a miƙa wa katikis. Wannan rubutun ne za a kai Hukumar Ƙidaya wajen karɓar takardar haihuwa, shi za a kai makaranta. Rajistar baftisma ba a goge ta yadda aka ga dama, kuma ita za a nema ranar ƙarfafawa da ranar aure. Yaron da katinsa ya ce Istifanus, takardar haihuwa ta ce Stephen, makaranta ta rubuta Danladi, sai ya kai ga rantsuwa a kotu kafin takardunsa su daidaita.